Hankakan da Ya Ƙi Cin Shinkafa

Badi'a ta zo da amsar da Madhav, Ba'indiyen injiniyan kamfanin tumatir a Ikara, ya daɗe yana jira: in zai musulunta, yayanta ya amince ya aure ta. Sai ta tarar da shi tsugune a tsakar gidansa da hantsi, bai karya ba, ya ajiye curin shinkafa a kan ganyen ayaba.

"A addininmu kwanakin nan na matattu ne, Malama," ya ce. "In hankaka ya ci, marigayiya matata ta huta ke nan. Bana ya ƙi."

Ga wani hankaka a kan katanga, ya karkata kai yana kallon Badi'a. Tsigar jikinta ta tashi.

"To yaya ake yi, Injiniya?"

"Alkawari ake yi mata."

"Yi mana," ta ce a hankali.

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya faɗi wata magana da yarensu. Nan take hankakan ya diro ya sa baki.

Badi'a ba ta nemi fassara ba; ta gane alkawarin bai bar mata gurbi ba. Ta gyara mayafinta, ta koma gida da amsarta.