Ƙaurin Mai Jego a Firiza

Tunda kin ce ke ma kin sayi firiza, zauna ki ji abin da ya sami wata maƙwabciyata. 'Yarta ce ta zo gida wankan jego, haihuwar fari. Burin uwar ɗaya ne, ranar arba'in ta mayar wa dangin miji da yarinyar ta yi ɓul-ɓul, kada a ce ba ta iya kiwo ba. Ranar suna aka dafa ƙauri, farfesun ƙafar saniya na masu jego, tukunya guda. Abin da ya rage ta juye shi kaf a babbar roba ɗaya ta cusa a firiza. Kullum da safe sai ta kife ƙanƙarar a tukunya, gefe na fara tafasa ta kwashi na sama ta ba 'yar, sauran ta mayar cikin firiza da ɗuminsa. Ga wutar unguwarmu ba ta da alkawari, romo ya narke da rana, ya sake daskarewa in an kawo ta. Wata safiya 'yar ta ce, "Inna, tsakiyar naman nan da sanyi." Uwar ta ce, "Ci abinki, yajin ciki zai ɗumama ki."

Kafin la'asar amai da gudawa sun kayar da mai jego. Ido ya faɗa, ruwan nono ya ɗauke. Jariri ya kama, ya tsotsa, ya saki, ya yi ta tsala kuka har muryarsa ta dishe. Uwar na zaune bakin gadon asibiti da jika a cinya, tana kallon ruwan da ake ƙara wa 'yarta, tana tsoron kada ta yi biyu babu. A nan likita ya ce mata a raba abinci ƙanana kafin a daskarar, a ciro na ci ɗaya, a tafasa shi har tsakiya, wanda ya narke kuma ba ya komawa. Allah ya taƙaita, uwa da ɗa suka tashi. Amma ranar arba'in da dangin miji suka zo ɗaukarta, zani zamewa yake yi daga ƙugunta, gwaggon mijin kuwa ta dube ta sama da ƙasa ta tambaya ko azumi ta yi. Maƙwabciyar tawa ta sunkuyar da kai. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.