Katin da Ke Tokare da Keken Ɗinki

Wata bakwai da rasuwar yayarta, amma in Maman Biyu ta zauna a kan keken ɗinki, maganar likita ce ke mata yawo a ka: "Sankarar bakin mahaifa ce. Da an yi gwaji da wuri, da an tare ta."

Tsoro ya kai ta asibiti wata safiya. Ta tambayi kuɗin gwajin a taga, aka faɗa mata. Ta ƙirga da yatsu: kuɗin ɗinkin riga shida cur!

"Hajiya, ba ki da inshorar lafiya?" in ji mai karɓar kuɗi.

"Tawa ta gama aiki," ta ce, ta ja mayafi ta koma shago. Kuɗin makarantar yara na jira, ita kuma garau take jin kanta.

Alhali katin inshorar yana nan. A kamfanin da mijinta ke tuƙi aka ba su shi tana da cikin 'yan biyu. Da shi ta yi awo, da shi ta haihu, shi ke nan ta yanke cewa katin masu ciki ne. Tana yaye yaran ta cusa shi ƙarƙashin ƙafar kekenta mai girgiɗi. Shekara uku bawan Allah yana aikin tokara!

Rannan wata nas mai kawo mata ɗinki ta zo gwada riga. Ɗan kunnenta ya faɗi, ta sunkuya nema, sai ta ɗago da kati a hannu.

"Maman Biyu! Me nake gani haka?"

"Sista, mayar mini da abina, keken zai yi rawa. Ai na awo ne, ni kuwa na huta."

"Maigidan yana wurin aikin har yanzu?"

"Yana nan."

"To duk wata ana yankar kuɗin katin nan a albashinsa, kuma da sunanki a ciki. Ke ce za ki yi rawa in kika ji abin da kika taka!"

Washegari ta miƙa katin a tagar nan, duk ya yi baƙi da man keke. Mutumin ya duba kwamfuta ya ce, "Gwajin yana cikin tsarinku. Ko sisi ba za ki biya ba." Kunya ta kama ta kamar ta nutse.

Gwajin bai kai minti goma ba. Bayan sati biyu likita ta zaunar da ita. "An ga canji a bakin mahaifarki. Bai zama sankara ba tukuna, amma ya kama hanya." Likita ta riƙe mata hannu: "Kin zo a kan kari. Zama ɗaya za mu cire shi."

Haka aka yi. Da shekara ta zagayo aka sake gwaji, likita ta ɗaga takarda tana murmushi: "Fes!"

Maman Biyu ta fito tsakar asibiti tana dariya tana hawaye. A bakin ƙofa ta tarar da mijinta riƙe da yaran, ta durƙusa ta rungume su tana cewa, "Ina nan! Wallahi ina nan, sai na ga aurenku in Allah ya yarda!"

'Yar'uwa, in kina da inshora, tambayi abin da ta ƙunsa, kada ki yi tsammani. In ba ki da ita, tambayi farashi da inda ake rangwame, ki tara ki je. Kuɗin gwaji komai yawansa bai kai kuɗin jinya ba, balle rai, wanda ba a sayensa.