Tsiyar Taubashi a Hanyar Wara

Taɓarya ta shige cikin sifokin tayar gaba, dogon da ke kan keken ya tashi sama, ya faɗo da fuska a kan tsakuwa.

Tun daga Yelwa yake jan taubashinsa a tseren kekunan murnar sabuwar jiha. Da ya so, da tuni ya isa Wara. Amma taubashin mai tumbi ne, numfashinsa gajere, sai dogon ya zauna gabansa yana tsaga masa iska, yana ta waiwayowa: "Laɓe bayana, kak ka ɗaga kai."

A gangaren wani ƙauye da kasuwarsa ke ci, dogon ya ɗan ba shi rata. Taubashin ya kwarara masa tsiyar da suka saba tun suna yara: "Kai ɓarawo! Tsaya!"

'Yan kasuwa ba su san wasansu ba. Mutum suka gani a guje kan keke, wani na bin sa da ihu. Sai ɗaya daga cikinsu ya zura masa taɓarya a taya.

Kafin taubashin ya iso, sanduna da duwatsu sun rufe dogon. "Ɗan'uwana na! Wasa na!" Babu mai ji. Ya yar da keke, ya kutsa, ya kife a kansa da duk ƙibar nan da aka sha wahalar ja tun safe. Duka ya koma gadon bayansa, ya ji haƙarƙarinsa ya karye.

Ya kai baki kunnen dogon, inda jini ke fita. "Laɓe," in ji shi, "kak ka ɗaga kai."

Har mutane suka ja da baya, har kekunan ƙarshe suka wuce, dogon bai ɗaga ba.