Gyaran Baban Najiba

Tun daga Gwaram na rungumo kwamfutar a mota, Najiba goye a bayana, har shagon Malam Abdulbaqi mai gyara a Birnin Kudu.

Ya jona ta, ya kunna bidiyo. Hoto na tafiya sumul.

"Maman Najiba, ai lafiyarta ƙalau."

"Da can ƙamewa take yi," na ce. "Hoto na cikin tafiya sai ya tsaya cak, kamar ƙiftawar ido, sannan ya ci gaba."

Ya ɗan bincika. "Tsohon direban hoto ne ya jawo, kuma an sa sabo. Wa ya gyara?"

"Babanta. Har yana cika baki, wai ya zama injiniya."

"To, aikinsa ya yi kyau. Ni kuma me zan yi?"

Na kwanto Najiba, na nuna masa yadda ta rame.

"Yarinyar nan ba ta yarda da cokali. Sai katun ɗinta ya ƙame take hangame baki don mamaki, ni kuwa in zura kunu. Tun da injiniya ya yi gyara bakin nan yake a rufe. Don Allah, Malam, a maido mana da tsohon. Kuma kada injiniya ya ji."