Abin da Baba Ayuba Bai Koya wa Kowa Ba

“Ba shi ba ne,” in ji Hajiya Delu, ta ture kofin.

Tun da Baba Ayuba mai haɗa yogot ya ajiye aiki, a watan da sojoji suka miƙa mulki, ɗanɗanon ya gudu. Kantunan Tarauni suka fara dawo da kaya. Bai koya wa kowa ba, ita ma Hajiya mai kamfanin ba ta taɓa tambayarsa ba.

Ta aika aka ɗauko shi zuwa kamfanin a Gyadi-Gyadi, ta tara ma'aikata.

“Baba, don Allah nuna musu sirrin.”

Ya leƙa duron haɗi, ya dafe kai. “Wa ya wanke shi?”

“Ni ne,” in ji Shamsuddeen, wanda ya gaje shi.

“Ka cuce mu! Tun da na kama aiki ba a taɓa wanke shi ba. Koren nan na gindi ne ɗanɗanon.”

Yogot ɗin nan ne Hajiya take ba jikokinta kullum. Ta dubi tsofaffin ma'aikatanta, ko ɗaya bai yi mamaki ba.

“Kun sani?”

Rifkatu mai sito ta sunkuyar da kai. “Hajiya, kin taɓa ganin ɗayanmu ya sha?”