Burodin Bakin Ƙofa

Uwargida Hawis ta tsince albasar da ke cikin romonta tsaf, sannan ta ture abincin ba ta ci ko rabin naman ba. A gidan Tornholm, kamar kowane gidan manya, a kan faffaɗan busasshen burodi ake zuba abinci maimakon akushi, in an gama a kwashe burodin da ya sha romo a kai wa mabarata. Na kowa a kwando ake tarawa. Nata kuwa da hannunta take kaiwa, shekara goma sha huɗu ke nan, kuma mutum ɗaya take ba: wani kuturu mai rufaffiyar fuska da 'yar ƙararrawa, wanda ya kafa bukka jikin katanga, daidai inda ɗumin madafa ke ratsowa.

Barori sun yi gulmarta har sun gaji. Ga mace ta kori manema bakwai, ta daina cin albasa don kawai marigayi Barde Ranulf ba ya ci, amma ba a taɓa ganin ta durƙusa gaban kabarinsa ba. Kabarin kuwa yana nan cikin coci, an sassaƙa siffarsa da dutse a kwance a kai, hannuwa haɗe, kare a ƙafa. Wucewa take kamar ta wuce turken doki.

Ɗansu Warin yana da shekara bakwai aka ce zazzaɓi mai yaɗuwa ya kashe ubansa, aka rufe akwati da ƙusa ba a bar shi ya ga fuskar ba. Yanzu ya kai ashirin da ɗaya, gida ya dawo hannunsa, saura mako guda a ɗaura masa aure da Amabel. Iyayenta irin mutanen nan ne masu tona asali har kaka bakwai, kuma a ƙasar nan gidan da aka taɓa jin kuturta a jininsa ba mai ba shi 'ya.

"Inna, gobe za a tashi mutumin nan naki," in ji Warin. "Surukaina su sauka, ƙararrawar kuturu ce za ta yi musu maraba? Haba!"

"Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, Warin. Gidan kutare tafiyar kwana biyu ne. Ba zai kai ba."

"Kabarin babana ko kallo bai ishe ki ba, amma kuturu kullum sai kin kai masa tsoka. Ba ni dalili ɗaya tak, in bar shi."

"Alkawari na ɗauka a coci gaban Fada Osbert," ta ce da ƙyar.

"Alkawarin sadaka ai ko'ina ana cika shi. Ga mabarata nan birjik, ki zaɓa."

Da safe ta fita da burodi ta tarar har kuturun ya ɗaure ƙunshinsa, tun kafin masu gadi su zo. Ta soma magana, ya girgiza kai. Ana haka Warin ya fito a kan doki, ya jefa masa tsohuwar alkyabba ba tare da ya tsaya ba, don yaron ba mugu ba ne, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa. Kuturun ya bi shi da kallo har ya ɓace.

"Ya iya zaman sirdi," ya ce da dasasshiyar murya. Ya karɓi burodin, ya kama hanya. Hawis ta tsaya a ƙofa har ta daina jin ƙararrawar, ga shi ba ta da ikon yin kuka a gaban mutane.

Aka sha biki, aka ci naman barewa, baƙi suka watse suna yabon asalin gidan. Kashegari makiyaya suka kawo gawar kuturun a kan keken shanu. Ƙarƙashin wata bishiya suka tsince shi ya sandare, ko rabin hanya bai yi ba, a kan wani tudu inda ake hango hasumiyar Tornholm.

Jikin Warin ya yi sanyi. Ya sami uwarsa da Fada Osbert a coci, ya ce a haƙa wa kuturun rami mai kyau bayan katanga, inda ake binne irinsu.

Hawis ba ta dube shi ba. Ta taka zuwa kabarin dutsen, ta durƙusa, ta dafa hannuwan nan na dutse.

"Fada, rantsuwar da Ranulf ya sa na yi iyakarta ransa, ko ba haka ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce haka ne.

"To kada a haƙa komai. A ɗaga dutsen nan, a zubar da yashin da muka cika akwatin da shi. Shekara goma sha huɗu, Warin, kabarin babanka yana jiran mai shi."