Fitsarin Kyanwar Inna Iyatu

"Inna, ta sake fa!" in ji Nabila, tana riƙe da darduma da yatsu biyu, ta kau da kai gefe.

Inna Iyatu ta shafa, ta ji ta jiƙe sharkaf. Ta kai hanci, ba ta ji komai ba, don garin taba ya daɗe da kashe mata hanci. Amma a ce surukarta ta ji abin da ita ba ta ji ba? Ta yamutsa fuska, ta tofar da yawu.

"Wari kamar masai. Fitar mini da ita."

Shekara takwas kyanwar nan tana gidan ba ta taɓa wannan iskanci ba, sai yanzu ta tsiri fesa wa kayan mutane fitsari. Najasa kuwa ba a salla a kanta. Wankin Nabila kuma Inna ba ta ɗauke shi wanki ba: ’yar lakkol ce, boko kawai ta sani, hannu kamar auduga, ta tsoma ta cire ta ce ta gama. Don haka ta ce ɗanta Shafi'u, direban taksi, ya kai wa mai wanki na gaske. Ya ce ya san wani ɗan Nijar, sai dai wurinsa da nisa.

Shekarar 2003 ce, an bi bangon unguwarsu Zangouettin, a Wagadugu, gida-gida an shafa jan fenti. Gwamnati za ta rushe unguwar, ta ba kowa fili a bayan gari. Wada mai goro da matarsa Madina, da katanga ɗaya ta raba su da Inna, su suka fara loda kayansu a kamiyo, babbar mota, suka tashi. Tun ranar ba ta ƙara kiran sunansu ba sai dai "kajin nan", an watsa musu tsaba sun bi. Kakanta da jakunan goro ya sauka a nan, a ɗakin nan aka binne cibiyarta. Ta rantse a gaban mutane cewa ko tsinke ba mai fitar mata da shi sai in ita ta ce da bakinta a fitar, ita kuwa sai a makara.

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," haka take ce wa Shafi'u kullum ya ɗauko zancen. Daga baya ya daina ɗaukowa, ta ce ya yi hankali.

Bayan darduma sai labule. Bayan labule sai akwatin atamfofi. Inna ta barbaɗa barkono a kowace kusurwa, ta matse lemun tsami, ta sa aka yayyafa girezil, maganin wari na kanti, ta yi turare har Nabila na tari. Duk a banza. Ta ajiye sanda kusa da kujerarta tana dakon ’yar banzar, ita kuwa ko wutsiyarta ba ta bari an gani ba. Inna ba ta yi mamaki ba, mara gaskiya ko cikin ruwa ya yi jiɓi. Abin da ya fi ƙona mata rai, ɓeraye sun fara wasan tsere a kan rufi, ga raguwar kyanwa tana cin tuwon banza.

Mai wankin ma wani ragon ne. Abin da ya tafi, ya tafi ke nan.

"Rana ce babu, Inna," in ji Shafi'u.

"Rana? A Wagadugu?"

Ya sunkuyar da kai yana goge jar ƙasar da ta maƙale masa a takalmi.

Ranar da katifa ta jiƙe, ƙarar motocin rusau ta riga ta iso layin bayansu. Nabila ta leƙa ƙarƙashin gado ta ce ƙafafun ma an fesa musu, haka kabad ɗin kwalla. Inna ta zagi kyanwa, ta zagi uwar da ta haife ta, ta ce a fitar. Ta wayi gari a kan tabarmar aro, daga ita sai carbi da bango huɗu. Nan haƙurinta ya ƙare.

"Kai ni wurin ɓarawon mai wankin nan. Yau zai san wa ya taɓa."

Bai yi musu ba. Nabila ma ta shigo gaban mota da ƙullin kaya a cinya, wai za ta gaida wata ƙawarta a hanya.

Tafiya ta yi tafiya, kwalta ta ƙare. Sai ga gidajen bulo tsirara a fili, ba bishiya, ba inuwa. Inna ta gane wurin, ta ja tsaki. Lallai sai irin wannan jeji ɓarawo zai ɓuya, cikin kajin da suka sayar da tushensu. Wani ya ɗaga mata hannu daga bakin rumfar goro, ta yi kamar kare ne ya yi hamma.

Shafi'u ya tsaya a wata shuɗiyar ƙofa. Inna ba ta jira shi ba, ta dogara sanda, ta banka, zagi cike da bakinta.

Labulenta ne ya shafi fuskarta. Ga gadonta a gabas, kabad a hagu, kwalla a jere yadda take jera su, darduma a shimfiɗe tana duban alƙibla. A tsakiyar katifa kyanwa ce a miƙe, ta yi ƙiba, tana lasar hannu.

Inna ta ɗaga sanda. Sai ta hango Madina ta taga, ta leƙo ta kan katanga, da kwanon madara a hannu.

"Lale, Inna, kin iso? Baiwar Allah nan duk ta yi kewarki. Yau wata biyu cur tana wurina, ai ita Shafi'u ya fara kawowa, tun kafin darduma."